Wanda Ya Fara Sauka

Reetta ta juya zuwa shafi na biyu ke nan sai ta ga mahaifinta ya cire tabarau, ya ninke shi, ya sa a aljihun rigarsa. Ta san wannan tun tana 'yar ƙarama. Idan Aatos ya ninke tabarau, to ya gama sauraro, abin da ya rage na maganar kuwa na mai yin ta ne.

Tsofaffi kusan talatin ne a zauren cocin ƙauyen a safiyar wannan Asabar, 'yan ƙungiyar masu fansho, kowa da gahawarsa a gabansa. Su suka gayyato ta daga birnin Kuopio, inda take aikin jinya a sashen masu ciwon zuciya, domin 'yar gida ce kuma an ce ta iya bayani. Shafin farko ya yi musu daɗi. Ta gaya musu zafin sauna, ɗakin wankan tururi irin nasu na gargajiya, yana buɗe hanyoyin jini, yana sassauta gaɓoɓi, yana kawo barci mai nauyi. Ta ce masu bincike sun bi mazajen yankinsu shekara da shekaru, suka tarar masu yawan shiga sauna ciwon zuciya bai cika kashe su ba kamar masu shiga jefi-jefi. Aka yi ta gyaɗa kai. Wata tsohuwa a layin gaba ta ce ai wannan ba sai an biya mutum albashi ya gano ba, ita a cikin sauna aka haife ta.

Shafi na biyu ne ya sa Reetta ta tuƙo mota awa ɗaya da rabi a kan ƙanƙara. Ta karanta shi a hankali, ta ƙi duban layi na uku inda mahaifinta ke zaune kusa da maƙwabcinsa Kauko. Kada mutum ya shiga da giya a cikinsa. Mai shan maganin hawan jini kada ya miƙe zumbur daga benci, jiri na iya kayar da shi a kan murhu. Wanda ciwon zuciya ya taɓa kayarwa, idan likita ya yarje masa ya koma, to ya zauna a bencin ƙasa, zafi kaɗan, lokaci kaɗan, kuma da wani a kusa. Abu na ƙarshe sau biyu ta faɗe shi: mai irin wannan zuciya kada ya fito daga tururi ya faɗa ramin da ake sarewa a ƙanƙarar tafki don nitso. Ruwan sanyi yana matse jijiyoyi lokaci guda, zuciyar da ta gaji kuwa ba kullum take iya ɗauka ba.

Kauko ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Malama nas, tambaya. Kakana yakan ce ciwon da sauna da giya da kwalta suka kasa, to na kabari ne. Kin hana giya, kin rage sauna. Kwaltar fa, sha za mu yi ko shafawa?"

Zauren ya ɗauki dariya. Reetta ta jira har ta lafa.

"Kawu Kauko, shekara nawa kakan naka ya yi a duniya?"

"Hamsin da takwas."

"To ka girme shi da shekara goma sha shida, kuma ba kwalta ce ta kawo ka nan ba."

Dariyar ta juya kan Kauko, ta fi ta farko ƙarfi. Wani daga baya ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, 'yar Aatos ce. Abin ya yi wa Reetta daɗi, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta dubi mahaifinta ta ga shi ma murmushi yake yi. Sai da aka tashi, tana tattara kofuna, ta tarar ya yage shafin farko na takardar da ta raba musu ya tafi da shi, ya bar na biyu a ƙarƙashin faranti.

Sati biyar ke nan da ya faɗi a rumfar itace da gatari a hannu. Kauko ne ya same shi ya kira motar asibiti, aka kai shi Kuopio aka zura masa ɗan ƙarfe a jijiyar zuciya. Ranar Larabar da ta wuce likita ya ce zai iya komawa sauna, ya lissafa masa sharuɗɗan nan da ke shafi na biyu. Reetta tana wurin. Ta ga lokacin da ya ninke tabarau.

Bayan taron ta tuƙa su zuwa gida. Da suka shiga tsakar gida ta kashe injin, idonta ya sauka zuwa bakin tafki inda ɗakin saunar yake, ƙaramin ginin gungume da kakan mahaifinta ya yi da hannunsa. Can gaba da shi, a ƙarshen gadar katako, ga baƙin rami mai kusurwa huɗu a cikin farar ƙanƙara, an jingina tsani a bakinsa. Sati biyar ba a taɓa shi ba, ya kamata a ce ya daskare ya rufe.

"Wa ya buɗe wannan?"

"Kauko. Da sassafe, kafin taro."

"Ka sa shi?"

"Ban sa shi ba." Aatos ya buɗe ƙofar mota. "Da bai buɗe ba, da ya gaya mini ke nan na zama majinyaci. Kauko ya san ya kamata."

Shekara arba'in da ɗaya mutanen nan biyu suna shiga sauna tare, kowace Asabar da ƙarfe huɗu. Bencin sama suke hawa, inda zafi ke taruwa kusa da rufi. Kauko ke riƙe ludayi yana watsa ruwa a kan duwatsun murhu don tururi ya tashi. Ba su taɓa kiran abin gasa ba, da wani ya kira shi haka da sun ji haushi, amma kowa a ƙauyen ya san babu mai fara sauka a cikinsu. Idan sun fito sai rami, ɗaya bayan ɗaya, sannan su zauna a baranda jikinsu na tururi, ba mai cewa komai.

Bayan abincin rana ta same shi yana jidar itace zuwa bakin tafki. Ta karɓe kwandon daga hannunsa, bai hana ta ba. Suna tafiya ta sake faɗa masa abin da likita ya ce, ba ta rage ko kalma ba. Ya zaro shafin farko daga aljihu ya nuna mata, ya ce ga shi a rubuce, da bakinta ta ce sauna na gyara zuciya. Ta ce takardar shafi biyu ce. Ya ce shi dai ɗaya ya ga ya dace da shi. Bencin ƙasa, in ji shi, na yara ne da baƙi 'yan birni, shi kuwa tun yana shekara shida yake hawa sama.

"Baba, idan ka faɗi a ciki, sai motar asibiti ta yi minti arba'in kafin ta iso nan. Na san abin da minti arba'in ke yi wa mutum. Kullum ina gani."

Ya durƙusa gaban murhu yana jera itace, bai juyo ba.

"Kakanki a ɗakin nan aka haife shi, a ɗakin nan aka wanke gawarsa. Ba mugun wuri ba ne."

Ta tsaya da kwando a hannu. Roƙo ya zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi. Ba ta taɓa roƙon kowa ba. Shekara uku da suka wuce, ranar jana'izar mahaifiyarta Helmi, ita ta kama hannu ɗaya na akwatin gawar tare da maza biyar, ba ta yi kuka ba sai da ta koma Kuopio ta rufe ƙofa. A wurin mutumin nan da ke durƙushe ta koyi haka. Ta yi tunanin watsa wa wutar ruwa, ko ta ɗauke tsanin ta ɓoye. Amma gobe da yamma za ta koma aiki, shi kuwa ranar Litinin zai hura wutarsa ya shiga shi kaɗai, don ya nuna wa kansa.

Ta ajiye kwandon, ta ratsa gona ta hanyar da ƙafafu suka tattake a cikin dusar ƙanƙara, ta nufi gidan Kauko. Niyyarta ta gaya masa baƙa da fara cewa idan mahaifinta ya mutu yau, shi ya sare masa ramin.

Ba ta same shi ba, ya tafi duba ragar kifinsa. Matarsa Sirkka ce kaɗai a kicin, tana zaune kusa da taga, ƙarfen dogarawarta a gefe. Tun da ƙugunta ya karye ba ta fita idan akwai santsi. Ta sa Reetta ta zuba wa kanta gahawa, ta bar ta ta faɗi duk abin da ta zo da shi. Sannan ta nuna mata kwabar da ke saman firij, ta ce ta buɗe, ta duba bayan gwangwanin sukari.

Ƙaramar kwalba ce. Reetta ba ta buƙaci karanta rubutun ba, irin ƙwayar nan ce da ake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe. Sunan Kauko ne a jiki.

Sirkka ta ce shekara uku ke nan. Kowace Asabar yakan dawo daga gidan Aatos fuskarsa kamar toka, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba, ya sa ƙwaya ya rufe ido. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, musamman Aatos. Sati biyar ɗin nan da Aatos ke jinya kuwa, a saunar gida yake shiga, bencin ƙasa, minti goma, ya fito yana waƙa kamar wanda aka yafe wa zunubi.

"To me ya sa ya je ya buɗe ramin?"

"Ke ma kin sani. Da kunyar maƙwabci gara ciwon ƙirji." Sirkka ta juya kofinta a kan faranti. "Ba ki tambaye ni me ya sa shekara uku ba."

Reetta ta ajiye kwalbar a kan teburi, Sirkka ta ci gaba.

"Kin tuna mahaifiyarki takan sauka ta ƙwanƙwasa musu taga ta ce gahawa tana hucewa?"

"Na tuna."

"Kin taɓa ganin gahawar Helmi ta huce? Ko ɗorawa ba ta yi sai ta dawo. Agogo take dubawa. Sai su fito tare suna gunaguni, wai mace ta hana su sakewa, kowa mutuncinsa na nan. Shekara talatin da takwas tana yi, ba wanda ya taɓa ce mata ta daina. Tun da ta tafi ba mai ƙwanƙwasawa. Ni ga ƙafata."

Ta riƙe hannun Reetta ta ce zancen kwalbar nan kada ya fita daga kicin ɗin. Reetta ta yi alkawari, ta mayar da kwalbar bayan sukari.

Ƙarfe huɗu daidai Kauko ya ɓullo ta gona da tawul a kafaɗa da damin ganyen bugun jiki a hammata. Ya gaishe ta da "malama nas" bai dubi idonta ba. Mazan suka sauka bakin tafki. Hayaƙin bututun ya riga ya koma siriri, alamar duwatsu sun yi zafi. Reetta ta tsaya a tagar kicin, a daidai inda mahaifiyarta kan tsaya, ta lura a karo na farko cewa daga nan ana ganin agogon bango da ƙofar sauna ba sai an juya kai ba.

Da minti goma suka cika ta sa kwat ta sauka. Tun daga baranda take jin ƙarar ruwa a kan duwatsu. Ta ƙwanƙwasa ƙaramar tagar da tururi ya rufe.

"Gahawa tana hucewa."

Ƙarar ruwan ta tsaya a ciki. Ta san sun ji, ta kuma san muryar wa suka tuna.

"Bar ta ta huce, malama nas," in ji mahaifinta. "Ba mu kai shafi na biyu ba tukuna."

Kauko ya yi wata gajeruwar dariya mai kama da tari. Ruwa ya sake sauka a kan duwatsu.

Nan ta gane. Ƙwanƙwasar Helmi ta matar gida ce, ba ta ce wa kowa ba shi da lafiya. Tata kuwa ta asibiti ce, ko da wane kalmomi ta zo. Kuma da safen nan ta kayar da Kauko a gaban mutum talatin, ta ji daɗin kayar da shi. Mutumin da aka yi wa haka ba zai fito don ta kira ba, ko da ƙirjinsa zai tsage.

Ta dubi agogon hannunta. Minti goma sha uku. Ta shiga ɗakin sauya kaya, ta cire kwat da takalmi da rigar ulu, ta ɗauki babban tawul ta ɗaura.

"Ku ɗaura tawul. Zan shigo."

Rabonta da shiga tare da mahaifinta tun tana shekara goma sha biyu. Ta ji motsi da gunaguni, ta ƙirga goma, ta tura ƙofa.

Zafin ya tare ta kamar bango. Allurar ma'aunin zafin da ke jikin katako ta kusa ɗari. A cikin ɗan hasken tagar ta ga su biyun a sama, kowa ya dafa gwiwoyi, kai a sunkuye. Idon aikinta ya riga zuciyarta gani. Mahaifinta ya yi ja har kunnuwa, jijiyar wuyansa tana harbawa da sauri. Kauko shi ne abin tsoro: gefen leɓensa ya yi fari-fari, ludayin da ke hannunsa yana ɗan kaɗawa, ya jingina shi a gwiwa don kada a gani.

Ba a gardama a sauna. Kowane yaro ya san wannan kafin ya iya karatu, ana zama a ciki ne kamar yadda ake zama a coci. Duk abin da ke shafi na biyu ba shi da wurin faɗa a nan. Ta hau matakala, suka matsa mata, ta zauna a tsakaninsu a bencin sama.

"A ƙara?" in ji Kauko, kamar yadda mai ludayi kan tambaya.

"Ƙara," in ji Aatos.

Ruwan ya fashe a kan duwatsu. Tururin ya tashi ya bugi rufi, ya sauko musu a kafaɗu da bayan kunne. Reetta ta rufe ido. Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne daɗin da ta ji. Saunar gidan hayarsu a Kuopio ta lantarki ce, busasshiya, awa ɗaya a sati. Wannan kuwa tururin itace ne mai laushi, mai ƙamshin ganye da tsohon katako, jikinta ya gane shi nan take. Za ta iya rabin awa a nan ba ta motsa ba. A makarantar jinya ba wanda ya taɓa fin ta daɗewa, mace ko namiji. Ta san tana iya zama a wurin nan har ta binne tsofaffin nan biyu.

Kauko ya sake watsawa. Ta ji numfashinsa a gefenta, gajere, yana sarƙewa. Ya sake nitsa ludayin a bokiti, na uku.

Maganar ta yi mata nauyi a baki fiye da hannun akwatin nan.

"Kawu, dakata. Ya yi mini yawa."

Ludayin ya tsaya a iska. Ta sauko a hankali, ta zauna a bencin ƙasa, bencin yara da baƙi 'yan birni, ta sunkuyar da kai. A ƙasa iskar ta fi sauƙi sosai. Ta jira. Ba wanda ya motsa a sama.

"Baba, jiri nake ji. Zo ka zauna kusa da ni, kada in faɗa kan murhu."

Ba ta ɗaga kai ba, amma ta ji idonsa a bayan wuyanta, ya daɗe. Kauko ne ya fara magana.

"Aatos, yarinya ba ta da lafiya kana zaune kana kallo? Wane irin uba ne kai?"

Yana faɗa yana saukowa, hannu ɗaya a kan katakon dafawa. Aatos ya ce ai 'yarsa ce, ba sai an koya masa ba, shi ma ya sauko. Ba wanda zai iya cewa ga wanda ƙafarsa ta fara taɓa ƙasa. Kauko ya tura ƙofa ta ɗan buɗe, wai don yarinya ta sha iska. Suka zauna ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Ta kama wuyan hannun mahaifinta kamar mai neman abin dogara, ta ɗora yatsu biyu inda ya kamata. Ya bar mata hannun. Ta ƙirga a zuci. Da sauri yake, amma a jere, kuma yana raguwa. A ɗaya gefen numfashin Kauko ya fara tsawo. Ta ce tana jin ƙishi, Aatos ya miƙo butar ruwan sha daga bakin ƙofa, ta kurɓa kaɗan ta miƙa wa Kauko kamar don ya riƙe mata. Ya sha rabi kafin ya ajiye.

Da suka wanke jiki suka fito baranda, rana ta yi ƙasa a bayan bishiyoyin ƙetaren tafki. Tururi na tashi daga kafaɗunsu. Aatos ya tsaya a bakin matakala yana duban gadar katako da baƙin ramin da ke ƙarshenta. Taku ashirin ne. Kauko ya tsaya a bayansa yana jira, domin mai gida ke fara shiga.

Reetta ta sa kwat ɗinta a kan tawul, ta zura takalmi. Ta ce har yanzu ƙafafunta ba su da ƙarfi, hanyar gida kuwa hawa ce ga santsi, ba ta jin za ta kai ita kaɗai.

"Ramin ba ya gudu," in ji Kauko da sauri.

"Ba ya gudu," in ji Aatos.

Suka sa kaya. Kowa ya kama hannunta ɗaya suka hau da ita, a hankali, suna tsayawa sau biyu don ta huta. A wurin tsayawa na biyu launin Kauko ya dawo, bakinsa ma ya dawo.

"Ludayi biyu da rabi," ya ce. "Mai koya wa mutane sauna. Bari 'yan ƙungiya su ji gobe bayan coci. Ashe barewa kan yi gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ta ji zafin maganar ya fi na bencin sama. Ta san yadda za a yi: gobe a zauren coci, jibi a kanti, kafin Laraba tsohuwar nan ta layin gaba za ta ƙara mata gishiri. Nan da shekara goma idan ta tsaya yin bayani a ƙauyen nan, wani zai ɗaga hannu ya tambaye ta ludayi nawa. Amsa ta zo mata, mai kaifi, irin ta safe. Tana kuma da wata a bayan gwangwanin sukari da za ta rufe masa baki har abada. Ta matse haƙora.

"Na manta yadda yake da zafi, Kawu," ta ce.

Ta dafa gahawa, ta yanka burodi mai zaƙi. Kauko ya sha kofi biyu, ya ba da labarin ragarsa da kifin da ya kuɓuce, ya tafi da sauran haske, yana tafiya a miƙe. Ta bi shi da kallo har ya shiga gonar.

Mahaifinta yana zaune a teburi, hannuwansa a kewaye da kofi. Ya ce, kamar da tagar yake magana, tana shekara bakwai ta taɓa hawa sama kusa da shi ta ƙi sauka. Ludayi tara ya watsa. Shi ya fara sauka a ranar, kuma bai ji kunya ba, har kanti ya je ya ba da labari.

"Kuopio ta lalata ni," ta ce.

"Haka ne." Ya kurɓi gahawa. "Leɓen Kauko kin gani?"

Ta juyo daga wurin wanke-wanke.

"Shekara uku ina ganin yana sauya launi," ya ce. "Idan na fara sauka, zai san na gani."

Ta koma kan kofunan. Alkawarin da ta yi wa Sirkka yana nan, kuma babu abin da za ta ƙara masa. Ta dubi tagar. A can ƙasa bakin ramin ya fara dusashewa, sanyin yamma yana ɗora masa siririn ɓawo.

"Irin wannan lalacewar ba ta gyaruwa rana ɗaya," in ji Aatos. "Sai an bi ki a hankali, daga ƙasa. Asabar, ƙarfe huɗu. Idan kina da hali."

Tana da aiki Asabar mai zuwa, da wadda ke bin ta. Sai ta nemi musanya, sai ta roƙi abokan aikin da ba ta taɓa roƙa komai ba. Awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi komawa, don ta zauna a bencin yara ta ce jiri take ji. Ba ta tambaye shi har zuwa yaushe ba, ta san amsar.

"Kauko zai gaya wa kowa," ya ce.

"Zai gaya musu."

Ta ɗauraye kofin ƙarshe ta kifa shi.

"Ka tanadi busasshen itace," ta ce. "Ni zan hura wutar."